Lissafi nake so, amma ba na son zaman kaɗaici: wace hanya zan bi a aikin kula da ma'aikata?

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa:

"Assalamu alaikum, Anti. Shekarata uku ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani. Komai ni ce: tattara takardun masu neman aiki, lissafin hutu, shigar da sunayen sababbin ma'aikata, har da raba rigima. Yanzu an buɗe gurabe biyu, an ce in zaɓi ɗaya. Na farko nazarin alƙaluman ma'aikata ne, aikin kwamfuta da rahoto. Na biyu kuma za a haɗa ni da wani babban sashe in riƙa ba manajojinsa shawara kan ma'aikatansu. Ina son lissafi tun ina makaranta, idan na zauna a kan Excel har mantawa nake da lokaci. Amma ba na so in ƙare a lungu daga ni sai kwamfuta, don na fi jin daɗin aiki idan muna yi tare da mutane. Shi kuma na biyun, tsorona in koma mai sauraron ƙorafi daga safe har yamma, lissafin ya mutu a hannuna. Na rasa tudun dafawa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da amsar don kada ki yi ta jira: in da ni ce, gurbin nazarin alƙaluma zan ɗauka. Amma akwai sharaɗi, kuma mai nauyi ne, don idan bai cika ba shawarata za ta juya. Ki biyo ni a hankali.

Na lura a wasiƙarki kin haɗa abu biyu wuri guda. Yin aiki tare da mutane daban, yin aiki a kan matsalolin mutane daban. Na farko shi ne ku zauna ku huɗu ko biyar, abu ɗaya ya dame ku, kowa ya kawo abin da ya sani, a yi musu, a tashi da mafita. Na biyu shi ne ma'aikaci ya shigo ofishinki ransa a ɓace don an tsallake shi a ƙarin girma, yana fita manaja ya shigo yana so a ba wani takardar gargaɗi. Ke da bakinki kin ce na farkon ne ke faranta miki, na biyun kuma shi kike gudu. Abokan tunani kike nema, kuma ana samunsu a aikin alƙaluma fiye da yadda mai hange daga nesa yake zato.

Wannan rabon da aka ajiye a gabanki yana da asali. Manyan kamfanoni da dama suna bin tsarin da ake dangantawa da Dave Ulrich, malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, wanda littafinsa na 1997 ya sauya yadda ake kallon sashen kula da ma'aikata. A tsarin, sashen ya kasu gida uku. Akwai masu aikin yau da kullum, irin su biyan albashi da hutu da ajiye fayil. Akwai ƙwararru a fanni guda, kamar tsara albashi, horaswa, ko nazarin alƙaluma. Sai kuma waɗanda ake haɗawa da wani ɓangare na kamfani su zama masu ba shugabanninsa shawara. Guraben da aka yi miki tayi su ne na biyun da na ukun. An tsara su ne don su riƙa taimakon juna: mai ba da shawara ya kwaso tambaya daga wurin manajoji, mai nazari ya binciko amsa, su koma tare. Inda tsarin ke tafiya daidai, mutanen nan biyu ba sa rabuwa. Inda ya lalace ne kowa ke kama gabansa.

Bari in nuna miki aikin daga kusa. Abu na farko da za ki tarar, wanda ba a rubutawa a tallar aiki, shi ne bayanan a hargitse suke. Sashe ɗaya an rubuta sunansa iri uku. Wani ya bar aiki tun bara amma har yau sunansa na cikin jeri. Wata babu ranar da ta kama aiki, wani kuma an shigar da shi sau biyu saboda an sauya masa wuri. Gyaran wannan yana cin lokaci sosai, kuma ba a yin sa a zaune. Sai kin je wurin masu albashi, kin kira masu kula da kwamfutoci, kin roƙi sakataren wani sashe ya tono tsohon fayil. Wanda bai iya lallashi ba, bayanansa ba za su taɓa cika ba.

Sai tambaya ta zo. A ce shugabar wani sashe ta same ki ta ce mutane na yawan barin aiki a wurinta. Kin duba, sashen na da ma'aikata 40, cikin shekara 10 sun tafi, wato kashi 25 cikin 100. Wannan adadin ita ma ta sani, ko ba ta lissafa ba tana ji a jikinta. Naki aikin yana farawa ne idan kika tsattsage shi. Kika ga 8 daga cikin 10 ɗin ba su cika wata shida ba, kuma 7 masu aikin dare ne. A nan kwamfuta ta gama nata, don ba ta san dalili ba. Daga nan sai ƙafa. Ki zauna da wanda ya ɗauke su aiki, ki ji me aka gaya musu ranar intabiyu. Ki karanta abin da suka faɗa ranar tafiyarsu, amma ki tuna mai tafiya yakan rage gaskiya don ba ya so a rabu baram-baram. Ki je ki tsaya da mai kula da masu aikin dare a lokacin da yake bakin aiki. Wataƙila a nan za ki ji cewa jadawalin mako ba ya fitowa sai ana gobe, mai iyali ba ya iya tsara komai. Ko ki ji cewa sabon ma'aikaci shi kaɗai ake bari a darensa na farko, don mai koya masa da rana yake zuwa. Sai ki koma wurin shugabar da takarda shafi ɗaya, ku zauna da ita da mai tsara jadawali ku yanke abin da za a gwada, bayan wata uku ki sake aunawa. Ki ƙirga mutum nawa kika yi aiki da su a kan tambaya ɗaya tak.

Manyan binciken da aka yi a wannan fage ma haka suka tafi. A shekarun 1990, Amy Edmondson, wadda yanzu farfesa ce a Jami'ar Harvard, ta yi bincike kan kurakuran ba da magani a wasu asibitoci. Ta ɗauka rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure. Alƙaluma suka nuna akasin haka: waɗanda suka fi kyakkyawan shugabanci da jituwa, su ne rijistarsu ta fi cika da kurakurai. Da ta tsaya a kan lissafi kawai, da ta rubuta cewa haɗin kai na jawo sakaci. Sai da aka je aka lura da yadda ake zama a sassan, aka gane cewa waɗannan ba sa tsoron faɗin kuskurensu ne, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. A kan haka ta gina abin da ta wallafa a 1999, game da natsuwar da ma'aikaci ke samu idan ya san zai yi magana a cikin rukuninsa ba a ci masa fuska ba.

Kamfanin Google, wanda ya yi suna wajen amfani da alƙaluma a harkar ma'aikata, ya fara wani bincike a 2008 mai suna Oxygen don gano abin da ke sa manaja ya zama nagari. Halaye 8 suka fitar da farko. Iya koyarwa da jan ma'aikaci a jiki ne ya zo a sama, ƙwarewar fasaha ta zo ƙarshe. A 2012 suka fara wani mai suna Aristotle, suka duba rukunin ma'aikata 180, suka haɗa lissafi da hirarraki masu yawa. Abin da suka gano shi ne yadda 'yan rukuni ke zama da juna ya fi tasiri a kan ko su wane ne a cikin rukunin, kuma abin da ya zo kan gaba shi ne wannan natsuwa da Edmondson ta bayyana. Kin ga ke nan, haɗin kan da kike ƙauna shi kansa abin nazari ne, kuma mai son lissafi da son mutane a lokaci guda shi ya fi dacewa da nazarinsa.

Idan aka cire sanin mutane daga lissafin kuma, ɓarna ake yi. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhaja da ya ƙera don tace takardun masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki. An horar da ita ne da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara 10, yawancinsu na maza, sai ta koyi cewa namiji ne ya fi cancanta. Irin wannan kuskure, wanda ya taɓa zama a teburin ɗaukar ma'aikata shi ya fi saurin shinshino shi. Shekara ukun da kika yi kina aikin komai da komai jari ne babba, kada ki raina shi. Yawancin masu shigowa nazarin alƙaluma daga fannin kwamfuta ba su taɓa ganin fuskar wanda aka gaya wa bai samu aiki ba.

Akwai kuma amana. Za ki ga albashin kowa, ki ga wa ya yi rashin lafiya, wa aka yi wa gargaɗi. Ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan mutane, mafi shahara ita ce ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, kuma dole ki san wadda ta shafi inda kike. Amma tun kafin a kai ga doka akwai mutunci. Idan aka raba takardar jin ra'ayin ma'aikata aka yi musu alkawarin ba za a san wa ya faɗi me ba, sai manajan da ke da mutum huɗu a ƙarƙashinsa ya ce ki ba shi sakamakon nasa rukunin, kin san cikin minti biyar zai gane mai kowace amsa. Shi ya sa wurare da yawa ba sa fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 5 ba. Ranar da za ki ce wa na sama da ke a'a cikin ladabi tana nan tafe, ki shirya mata.

Yanzu ga sharaɗin. Ba duk gurbin da aka sa wa suna nazari ne nazari ba. Wani aikin, iyakarsa a turo miki saƙo a ce a fitar da jerin waɗanda za su yi ritaya, ki fitar ki tura, ba ki san me aka yi da shi ba, gobe a turo wani. Wannan shi ne lungun da kike tsoro, kuma tsoronki na kan hanya. Saboda haka kafin ki amsa, ki je wurin wanda zai zama shugabanki ki yi tambaya ba kunya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wa ke kawo tambayoyin, kuma za ki zauna da shi ko ta hannun wani za su iso? Idan kin gama bincike, ke za ki tsaya gaban manajoji ki yi bayani, ko wani ne zai ɗauki aikinki ya shiga taron? Mutum nawa ne a rukunin, akwai wanda ya fi ki sani da za ki koya a wurinsa? Tambayar da na fi so ki yi ita ce: a faɗa miki hukunci ɗaya da kamfanin ya sauya a bara saboda rahoton wannan rukuni. Idan aka yi ta inda-inda, kin samu amsarki. In kuma akwai wanda ya taɓa riƙe gurbin, ki roƙe shi ya nuna miki yadda makonsa na ƙarshe ya tafi, awa nawa a taro, awa nawa shi kaɗai.

Idan amsoshin ba su gamsar da ke ba, ki ɗauki gurbi na biyu da zuciya ɗaya, don shi ma ba ƙaramin aiki ba ne. A nan ake sanin yadda kamfani ke samun kuɗi da inda yake asara, a nan manyan wuri ke sanin sunanki, kuma da yawan shugabannin sashen kula da ma'aikata ta nan suka bi. Nauyinsa dai ki sani tun yanzu. Ke za ki zauna a ɗakin da ake sallamar mutum. Ke za ki tsaya tsakanin ma'aikaci mai gaskiya da manajan da kamfani ba ya so ya rasa. A wasu wuraren sunan mai ba da shawara kawai ake da shi, aikin kashe gobara ne daga Litinin zuwa Juma'a. Idan can kika nufa, kada ki shiga taro hannu sake. Kowane wata ki riƙa zuwa da alƙaluman sashenki: su wa suka tafi, tsawon lokacin da gurbi ke ɗauka kafin a cike shi, ina ne ake yawan fashin aiki. Mai ba da shawara da ke zuwa da hujja ya fi wanda ke zuwa da "a ganina" samun kunne.

Abin da ya sa duk da haka na fi karkata ga alƙaluma shi ne wanne ya kamata ya zo kafin wanne. Ƙwarewar lissafi tana son dogon zama da natsuwa, kuma lokacin yin wannan zama shi ne yanzu, kafin nauyin shugabanci ya hau kanki. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a nazari, in yana fita yana cuɗanya da manajoji, komawarsa teburin ba da shawara ba wuya. Wanda ya daɗe a taruka da sasanci kuwa, da ƙyar yake samun sukunin zama ya koyi sarrafa bayanai daga tushe. Haka na gani a wurin mutane da dama. Kuma waɗannan gurabe biyu ba su ne iyakar hanya ba. Tsara albashi da alawus aiki ne na lissafi da ciniki da shugabannin sassa, kuma buƙatarsa na ƙaruwa. A Birtaniya, tun 2017 doka ta tilasta wa duk kamfani ko hukuma mai ma'aikata 250 zuwa sama su bayyana giɓin albashi tsakanin maza da mata kowace shekara. Akwai hasashen yawan ma'aikatan da za a buƙata nan gaba, wanda ake yi tare da masu kasafin kuɗi. Akwai kuma girka manhajojin kula da ma'aikata irin su Workday da SAP SuccessFactors, aikin da ke haɗa sassa da yawa a rukuni guda na tsawon watanni. Duk ƙofarsu ta fi buɗuwa ga wanda ya iya alƙaluma.

Game da abin da za ki koya, kada ki ruɗe da yawan sunaye. Ki fara zurfafa Excel ɗin da kike so. Sai SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai na kwamfuta tambaya da shi, don ki iya zaƙulo bayanai da kanki ba sai kin jira wani ba. Sai manhaja ɗaya ta zana rahoto, Power BI ko Tableau, ɗaya ta isa. Harsunan rubuta manhaja irin su Python ko R su jira sai buƙata ta kawo su. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne tushen ilimin ƙididdiga. A ce mutum 9 kowa na karɓar 100, shugabansu na karɓar 1,000. Idan kika haɗa kika raba, za ki ce matsakaicin albashi 190 ne, alhali babu mutum ɗaya a ɗakin da ke karɓar haka. Idan kika jera su kika ɗauki na tsakiya, 100 za ki samu, wanda ya fi kusa da gaskiya. Haka nan, don kin ga masu zuwa horo sun fi samun ƙarin girma, ba shi ne hujjar cewa horon ne ya ɗaga su ba; mai yiwuwa dama haziƙan ake zaɓa a tura. Mai nazarin da bai san irin waɗannan ramuka ba zai kai shugabanni ya baro.

Takardar shaida tana da amfani, musamman idan kina tunanin aiki a wata ƙasa. CIPD, ƙungiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Birtaniya, wadda tushenta ya koma 1913, tana ba da takardar shaida a matakai na 3 da 5 da 7. Takwararta ta Amurka, SHRM, da aka kafa a 1948, ita ma tana da nata jarrabawar. Ki duba wadda ake ganin girmanta a inda kike son aiki, tare da ƙungiyar ƙwararru ta ƙasarku, ki ɗauki ɗaya. Tara satifiket barkatai ba ya burge mai ɗaukar aiki kamar ki iya cewa ga tambayar da aka kawo min, ga abin da na gano, ga abin da aka sauya.

In an ba ki ko mako biyu ne kafin ki amsa, ki yi gwaji, gani ya kori ji. Ki nemi izinin shugabanki, ki ɗauki tambaya ɗaya ta gaske daga wani sashe, ki bi ta tun daga tattara bayanai har zuwa tsayawa gaban manajan ki yi masa bayani. Kowace yamma ki rubuta wane ɓangare ne ya sa lokaci ya wuce ba ki sani ba, wanne ne kika yi ta duba agogo. Idan zaman kwamfutar ya yi miki daɗi, zaman taron ma ya yi miki daɗi, to gurbin farko naki ne. Ranar da za ki karɓa, ki nemi abu biyu a rubuta su cikin bayanin aikinki: a haɗa ki da sashe ɗaya da za ki riƙa halartar taronsu na wata-wata, kuma duk binciken da kika yi ke za ki gabatar da shi da bakinki. Yanzu ne lokacin nema, tun suna son ki karɓa. Bayan kin sa hannu maganar takan yi nauyi. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ki rubuto min in ji yadda ta kaya da shugaban naki.